Wule, Motar da Aka Shafa wa Man Shanu

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, da kuma miƙa wuya ga hukuncin Mai kowa mai komai, iyalan Malam Bubayero direba na unguwar Yalwawa a Dutse ke sanar da 'yan uwa, da abokan arziki, da 'yan kamashon tashar Buji, da duk wanda ya taɓa sa hannu ya tura ta da sassafe, rasuwar motarsu Wule. Ta cika ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar, a gefen titi, ana hango duwatsun gari, bayan doguwar jinyar ƙafar dama ta gaba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba wanda ya san shekarun marigayiya, don agogon da ke ƙirga tafiyarta ya tsaya tun kafin ta baro Kwatano, kuma ba a matsa mata da tambaya ba. Abin da aka sani shi ne an haife ta a wata ƙasa mai sanyi, ta yi ƙuruciyarta a can cikin gata, ta zo ta ƙarasa tsufanta a hanyar Buji tana ɗaukar ƙoren nono da buhunan gero da awaki masu gardama. Ta shigo gidan nan ne a shekarar da burtali ya toshe, gonaki suka cinye makiyaya, Malam Bubayero ya kaɗa ragowar shanun mahaifinsa marigayi zuwa kara, ya dawo da makulli a aljihu. Ja ce, amma murfin injinta fari ne, na wata motar aka ɗora mata tun a can. Da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Dada, ta fito ta gan ta a ƙofar gida, sai ta zagaya ta a hankali kamar mai duba karsana, ta dafa farin goshin nan, ta kira ta Wule, sunan jar saniyarta mai farin goshi da aka sayar a ƙarshe. Ba a yanka rago ba, amma sunan ya bi ta.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ba a taɓa jin ta yi ƙorafi ba, ko da an cusa mata mutane har wani yana zaune a cinyar wani, ga akuya a ƙarƙashin ƙafa. Ba ta san cikakken tanki ba tun da ta zo Jigawa, ba ta kuma taɓa roƙa ba. Ba ta da ƙyashi, duk motar da ta nemi wucewa takan ba ta hanya, har da kekunan 'yan makaranta. Da safe takan yi tari, "ƙyahe-ƙyahe-ƙyahe", kafin ta ce "gurrr" ta tashi. Ranar da ba ta ga dama ba kuwa, sai maza sun fito daga zaurukansu sun sa kafaɗa, ta haka ta shirya maƙwabta da yawa da ba sa ga maciji da juna. Hon ɗinta a dishe yake, "ɓaaa", kamar maraƙin da aka hana nono. Matan rugage sun san shi tun daga nesa, da sun ji za su fara jera ƙore a bakin titi.

Amma babban aikin da marigayiya ta yi a duniya ba ɗaukar kaya ba ne, kuma saboda shi ne wannan sanarwa ta yi tsawo haka.

Malam Bubayero ɗan fari ne, Dada kuwa mutuniyar da ce, irin waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da ta haife shi ba ta taɓa ambatar sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, ba ta fuskantar shi da magana. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. In ya durƙusa gaisuwa da safe, Dada takan amsa wa labulen ƙofa. Ƙaninsa Mu'az kuwa, sunansa ba ya hutawa a bakinta, Mu'az ka ci, Mu'az ka sha, Mu'az wa ya taɓa ka. Ga shi furfura ta fara tsiro wa Malam Bubayero a gemu, bai san yadda muryar uwarsa take ba in da shi take. Ya san al'ada ce, ya san kunya ce ba ƙi ba. Sai dai sanin sunan ciwo ba ya rage masa zafi, kuma abin ya daɗe yana cin sa.

Da mota ta samu, sai ya zama duk Juma'a yakan kai Dada wajen danginta a wata ruga bayan Buji, ita a gidan gaba, ya dawo da ita da yamma. Juma'ar farko, suka kama hanya har suka bar gari. Can sai Dada ta miƙa hannu ta bubbuga gaban motar.

"Wule, ki gaya wa mai jan ki ya rage gudu. Ba gobara za mu kashe ba."

Saura kaɗan Malam Bubayero ya zura cikin gonar mutane. Da ya daidaita motar, sai shi ma ya dubi sitiyari.

"Wule, ki ce wa Dada an rage."

Shi ke nan, ƙofa ta buɗe. Ta bakin Wule ya ji cewa da damina aka haife shi, ruwa na zuba ta rufin bukka. Ta bakinta ya ji cewa ranar da kakarsa ta goya shi ta tafi, Dada ta zagaya bayan turken maruƙa ta yi kukanta inda ba mai gani. Wata Juma'ar takan ce, "Wule, mai ke ya rame. Ko Hindatu ta daina kula da tukunyarsa ne?" Shi kuma ya kare matarsa, ya ce a gaya wa Dada zafin rana ne. Marigayiya ba ta taɓa ƙara gishiri a saƙo ba, ba ta taɓa kai maganar gidan gaba tasha ba. Da sun dawo Yalwawa an kashe inji, Dada ta sauka ta ja mayafinta, shiru ya koma inda yake sai wata Juma'ar. Malam Bubayero mako guda yake yi yana jiran wannan hanya, ya fi ɗokinta a kan duk lodin da zai samu.

Ga waɗanda ba su san cikin mota ba, ga yadda ciwon ajalin ya samo asali. Bayan kowace tayar gaba akwai faifan ƙarfe, akwai kuma wani muƙamuƙi da ke cije faifan in an taka birki, ya sake shi in an ɗaga ƙafa. Muƙamuƙin nan yana zamewa ne a kan fil biyu, kowanne bai fi tsawon yatsa ba, kowanne da 'yar hular roba da ke kare shi daga ruwa da yashi. In fil na da maiƙo, cizo da saki suna tafiya lafiya. In ya bushe, sai muƙamuƙi ya cije ya manta da saki.

Likitan marigayiya, Gwadabe bakanike, ya taɓa kwance wurin a gaban Malam Bubayero. Ya ɗaga ta da jak, ya cire taya, ya zaro fil ɗin ya goge su fes, ya lakato wani farin giris daga gwangwani ya shafa.

"Malam Buba, wurin nan ba kowane maiƙo yake so ba," in ji shi. "Ko baƙin giris ɗin nan na gari kumbura robar yake yi. Ga nasa nan, wanda zafi ba ya narkarwa. A zare, a goge, a shafa kaɗan, a mayar da hula. In ka kiyaye wannan, ita za ta binne mu."

Malam Bubayero ya zuba ido ya koyi yadda ake yi, kuma da bai koya ba da ya fi masa alheri.

Bayan wata damina da Wule ta sha ratsa kududdufai, sai ƙafar dama ta gaba ta fara kuka, "tsiii, tsiii", daidai ƙarƙashin inda Dada ke aje ƙafafunta. Dada ta saurara. Da Juma'a ta zagayo sai ta fito da ɗan ƙoƙo a rufe da faifai, ta ɗora shi a gaban motar. Man shanu ne, ita ta kaɗa shi da hannunta daga nonon da ta zo da shi daga Buji.

"Wule, ƙafarki ta bushe. Saniyar da kika ci sunanta in hantsarta ta tsage, da wannan nake shafa mata. Ki ce wa mai ke ya shafa miki, na hannuna ne."

Tun da Malam Bubayero ya zo duniya, Dada ba ta taɓa aje abin da ta yi da hannunta a gabansa ba. Bai manta da maganar Gwadabe ba, tana nan daram a kunnensa. Amma ya ɗauki ƙoƙon nan ya shiga da shi gida yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Washegari ya kafa jak, ya cire taya, ya zaro fil, ya goge ragowar farin giris da tsumma, ya yi bismilla ya shafa man shanu ba rowa. Kuma, abin takaici, kukan ya tsaya. Da bai tsaya ba, da yau marigayiya na tasha tana jiran layi. Ranar Juma'a Dada ta kasa kunne har suka wuce gonakin bakin gari, ba ta ji "tsiii" ba, ta ce, "Wule, kin ji daɗi ko?" Ta yi dariya. Bai taɓa jin dariyarta kusa da kafaɗarsa haka ba.

Daga nan kowace Juma'a da sabon ƙoƙo. Man shanu kuwa ba ya jure wuta, da taya ta ɗau zafi zai narke ya tsiyaye, kafin tsakiyar mako kuka ya dawo, Malam Bubayero ya sake kafa jak. Magunan Yalwawa kaf suka mayar da gindin tayar nan majalisa. Kiyashi suka yi burtali daga bakin kwata har cikin birki. Fasinjoji suka riƙa cewa motar na ƙamshin gidan suna, wasu sukan sauka da yunwar da ba su hau da ita ba. A can ciki kuwa hular roba ta yi laushi ta yage, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yashi ya shiga, ruwa ya shiga, man da ya ƙone ya zama baƙin danƙo. Marigayiya ta fara ja dama, kamar saniyar da ta hango ɗanyen dawa a gonar wani.

Malam Bubayero ya daina bi ta gaban garejin Gwadabe, ya riƙa yin zagaye. Amma Gwadabe ya ritsa shi a tasha, ya sunkuya ya shinshina tayar, ya taɓa ƙarfen ya janye hannu da sauri.

"Malam Buba, miya kake dafawa a nan?"

Da ya ji bayani, sai ya kama haɓa. "To ai da sauƙi. Ka karɓi man da hannu biyu, ka kai wa Hindatu ta sa a tuwo, ka ce ka shafa. Wa zai sani?"

"Dada na jin ƙamshinsa in taya ta yi zafi," in ji Malam Bubayero. "Ranar da ba ta ji ba, ta san na yi mata ƙarya. Kuma a gaban Wule."

"Wallahi fil ɗin nan ya kusa kamewa. Ka kawo ta."

"Ran Asabar, in Allah ya kai mu."

Gaskiyar Gwadabe ce, don a makonnin ƙarshe fil ɗaya ya ƙi zaruwa ko da duka, sai dai Malam Bubayero ya shafe bakinsa da mai ta waje ya mayar da taya. Asabar ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Kullum yakan ce wa kansa bari a ƙara Juma'a ɗaya.

Ranar da abin ya faru suna dawowa daga Buji ne, Dada a gaba, mata masu zuwa tallar yamma a baya da ƙorensu a cinya. Dada na cikin nishaɗi ranar. Ta bubbuga gaban motar ta rage murya.

"Wule, kin san akwai sunan da nake kiran mai ke da shi a zuci, tun yana zanin goyo? Ko ubansa bai taɓa ji ba. Bari in gaya miki, tunda ke ba ki da surutu."

Malam Bubayero ya kasa kunne. A daidai nan "tsiii" ya koma "ƙuuu", hayaƙi ya turnuƙe ta ƙarƙashin ƙafar Dada. Ya taka birki, birki ya tafi ƙasa ba tare da ya kama komai ba. Allah ya taimaka akwai yashi a gefen titi, ya karkata sitiyari ya zura ta ciki, ta yi tangaɗi ta tsaya. Kafin a ankara wuta ta kama tayar. Ƙofar Dada ta waje kawai take buɗewa, ya zagayo da gudu ya fizge ta, ya sunkuci uwarsa ya yi nesa da ita. Bai san haka take ba nauyi ba. Ita kuma ta kau da kai har ya dire ta a gindin wata bishiya.

Babu ruwa a wurin. Matan nan, Allah ya saka musu, suka riƙa kwarara wa wutar nonon da za su sayar, har da fura da ludayi. Wutar ta yi kamar ta ji kunya, ta lafa, sai kuma ta samu hanyar fetur ta miƙe tsaye. Da zafi ya kai ga wayoyi, marigayiya ta yi hon da kanta ba wanda ya taɓa ta, "ɓaaaaa", dogo, yana raguwa har ya ɗauke. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane a cikin mutanen da ta ɗauko. Iyalai na shaida cewa ko a gargarar mutuwa ba ta ci amanar fasinja ba.

Ta rasu ta bar Malam Bubayero, wanda har yanzu ke zuwa tasha da safe da makulli a aljihu, ya zauna a benci ana gaishe shi ana kau da kai. Ta bar Hindatu, wadda ta ɓoye duk ƙoƙunan gidan don kada mijinta ya gani. Ta bar matan rugage, waɗanda yanzu acaɓa ke zubar musu da rabin nono kafin su iso gari. Ta bar tayar safaya guda, mai sanƙo, da jak, da magunan unguwa da ke zagaya inda take kwana suna kuka. Babu maganar maye gurbi, don shanun da aka saye ta da su su ne na ƙarshe. Ta kuma bar Dada.

Malam Bubayero ya roƙi Gwadabe da kowa da kowa kada a gaya wa Dada abin da ya jawo wutar, a ce mata ajali ne kawai. Tun ranar kuwa ba ta sake cewa komai ba da zai iso gare shi. Yana durƙusawa da safe, tana amsa wa labule. Shekaranjiya ta aika Mu'az ya ce tana so a kai ta ta ga gawa. Aka ɗauko Keke Napep, Malam Bubayero ya zauna a gefenta. A hanya ya yi ƙarfin hali ya bubbuga ƙarfen keken, ya ce a gaya wa Dada ta riƙe da kyau, akwai rami a gaba. Dada ta dubi titi. Ba ta san wannan baƙon keken ba, ba ta kuma aikensa.

A garejin Gwadabe, inda janwe ta aje marigayiya washegarin gobarar, ran Asabar, Dada ta zagaya ta a hankali kamar ranar farko. Farin goshin ya koma baƙi ƙirin. Ta dafa shi.

"Wule, ba sai an ɓoye mini ba. Na san ƙamshin man da na kaɗa, ko a cikin hayaƙi. Ki yafe mini. Ki ce wa mai ke shi ma ya yafe."

Malam Bubayero na tsaye can nesa kaɗan, inda ɗan fari ya kamata ya tsaya. Ya buɗe baki ya ce, "Wule, ki ce wa Dada..." sai ya sunkuyar da kai. Dada ta jira, kamar yadda ta saba jira a hanyar Buji. Da ba ta ji komai ba, sai ta ce, "Ga sauran maganarmu ta ran nan, kada in riƙe miki bashi." Ta sunkuya ta kai bakinta dab da ƙonannen ƙarfen, ta raɗa sunan. Gwadabe bai ji ba, Mu'az bai ji ba, Malam Bubayero ya ga motsin leɓenta kawai. Ta miƙe ta ja mayafi, ta ce, "Mu'az, kai ni gida."

Game da jana'iza, an tuntuɓi liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma a daina tambayarsa irin wannan. Wanka dai an riga an yi mata shi da nono a bakin titi, an kuma lulluɓe ta da tamfol. 'Yan gwangwan za su iso daga Ringim ranar Asabar da hantsi, a garejin Gwadabe, su yanka ta su ɗora a sikeli. Ga shi dai an kai ta ran Asabar kamar yadda aka yi alkawari. Za a karɓi gaisuwa a zauren Malam Bubayero da ke Yalwawa. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo abinci mai man shanu, masu cewa ai ƙarfe ne kawai kuma su bar maganar a gidajensu. Babu sadakar uku, babu ta bakwai, kuma daga yanzu babu tafiya Buji ran Juma'a.

Abu ɗaya Malam Bubayero ya roƙi masu yanka. In sun zo kan goshin, su ɗan dakata, yana so ya kara kunnensa a wurin tukuna.